Ƙwaƙwalwa ko Kasuwa? Nazarin Hauka a Ayyuka Biyu na Chinua Achebe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana duba gajerun labarai da wasannin kwaikwayon da ɗalibai kan miƙo don wannan mujalla zai lura cewa mahaukaci baƙo ne da ƙafarsa ba ta ɗaukewa. Galibi yakan fito a ɗaya daga cikin sifofi uku. Ko dai a jawo shi bakin tasha don ya ba da dariya, ko a haukata azzalumi a shafin ƙarshe don hakkin marayu ya kama shi, ko kuwa kishiya ta yi wa amarya sammu ta shiga bin bola. A duka ukun marubuci ya riga ya yanke sanadin haukan tun kafin ya ɗauki alƙalami, saboda haka ba ya tsayawa ya tambayi kansa abin da ya sami wannan bawan Allah. Alhali kuwa tambayar ta haura shekara ɗari da hamsin tana wahalar da likitoci da masana falsafa: shin taɓin hankali cutar ƙwaƙwalwa ce zalla, yadda tarin fuka yake cutar huhu, ko akwai wani ɓangare nasa da awon jiki ba zai iya kamawa ba?

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin duba yadda Chinua Achebe ya tunkari tambayar a ayyukansa biyu, wato gajeren labarin "The Madman" da ke cikin tarin Girls at War na 1972, da kuma littafin Arrow of God na 1964. Za a fara da taƙaita muhawarar, sannan a bi labaran ɗaya bayan ɗaya, a nuna inda marubucin ya yi zarra da inda ya gaza.

2.0 Tushen Muhawarar

Masu ra'ayin jiki zalla suna da hujjoji masu nauyi. A 1845 likitan Jamus Wilhelm Griesinger ya kafa magana cewa cututtukan hankali cututtukan ƙwaƙwalwa ne. A 1913 Hideyo Noguchi da abokin aikinsa Moore suka gano ƙwayar cutar tunjere a cikin ƙwaƙwalwar mutanen da suka mutu da wani nau'in hauka mai haɗe da shanyewar jiki, wanda a lokacin ya cika gidajen mahaukata na Turai. Da allurar fenisilin ta samu a shekarun 1940 sai wannan hauka ya kusa ɓacewa. A 1952 aka fara gwada maganin da aka fi sani da Largactil a birnin Faris, mutanen da suka shekara a ɗaure suka natsu. Duk mai gaskiya dole ya yarda cewa waɗannan nasarori ne na haƙiƙa.

To amma tun a waccan shekara ta 1913 Karl Jaspers, likita kuma masanin falsafa, ya ja hankali ga bambancin da ke tsakanin bayyana sanadi da fahimtar ma'ana. Idan zazzaɓi ya yi tsanani mutum ya shiga sambatu, sanadi ake nema a jikinsa. Idan kuwa uwa ta rasa ɗanta ta daina magana, ana fahimtarta ne ta hanyar sanin abin da ɗan yake a wurinta. A 1961 Thomas Szasz ya kai maganar ƙarshen bango, ya ce ciwon hankali tatsuniya ce, matsalolin rayuwa ne aka sanya wa rigar asibiti. George Engel a 1977 ya nemi a haɗa jiki da tunani da zamantakewa a mizani ɗaya. Jerome Wakefield kuma a 1992 ya ce kafin a kira abu cuta sai an sami sharaɗi biyu, wato wani aiki na halitta ya lalace, sannan al'umma ta ɗauki lalacewar a matsayin cutarwa. Ke nan a ganinsa hukuncin mutane yana cikin ma'anar kalmar tun asali.

Binciken baya-bayan nan bai raba gardamar ba. A 2022 wani gagarumin bincike ya gano wurare 287 a cikin ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da cutar sikizofiriniya, sai dai kowanne tasirinsa ɗan ƙanƙani ne, kuma sau da yawa a tagwaye masu kama ɗaya cutar kan kama ɗaya ta bar ɗaya. A shekarar ce kuma Joanna Moncrieff da abokan aikinta suka tattara binciken da aka yi, suka ce babu tabbatacciyar hujja cewa ƙarancin sinadarin sirotonin ne ke kawo ciwon damuwa, ko da yake wasu masana sun ƙalubalanci hanyar da suka bi. Har yau babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da likita zai duba ya ce wannan na da sikizofiriniya. Sai ya zauna da marar lafiya da danginsa ya saurari labari.

Bari a kawo misali daga fagenmu. Rubutacciyar waƙa ba ta samuwa sai da tawada da takarda. Idan gara ta cinye rabin baiti, laifin na takarda ne, kuma mai maganin gara ake nema. Idan kuwa kari ya karye ko amsa-amo ya kauce, ko masanin sinadarai ya kwana yana awon tawada ba zai gano aibin ba, duk da cewa aibin da tawada aka rubuta shi. Haukan tunjere irin na gara ne. Abin da ake jayayya a kai shi ne ko dukkan hauka haka yake.

3.0 Nwibe: Ranar da Aka Ɗauke Zane

Zubin "The Madman" mai sauƙi ne, kamar na tatsuniya. Achebe ya buɗe da wani mutum marar suna, tsirara, wanda ba shi da abin so kamar kasuwa da miƙaƙƙiyar hanya. Yana yawo tsakanin manyan kasuwanni biyu, yana hira da titi, yara suna jifansa, manya suna korarsa. Daga nan sai aka koma kan Nwibe, magidanci mai wadata da mutunci, wanda ke shirin neman shiga sahun masu sarautar ozo, matsayi mai daraja ƙwarai a ƙasar Ibo. Ranar kasuwa Nwibe ya yi sammakon gona, a hanyar dawowa ya tuɓe ya shiga rafi wanka. Mahaukaci ya hango shi, ya ɗauka shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka taɓa wulaƙanta shi, ya sure zanen ya ɗaura, ya zura da gudu. Nwibe ya bi shi tsirara yana ihun a tare masa mahaukaci, har cikin tsakiyar kasuwa.

Abin da 'yan kasuwa suka gani shi ne mai zane yana gudu, marar zane yana binsa da kururuwa. Ba su yi wata-wata ba suka yanke hukunci. Mutanen garinsu suka kama Nwibe suka rufa masa jiki, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin a al'adar wurin wanda hauka ya kai shi cikin kasuwa ya wuce magani. Boka na farko ya ƙi karɓarsa. Na biyu ya karɓa, ya "warkar" da shi, sunansa ya shahara. Nwibe ya koma mutum mai shiru, mai gudun taro. Bayan shekara biyu ya sake taɓo zancen sarautar, manyan gari suka kawar da maganar cikin ladabi suka shiga wata.

Muhimmin abin lura a nan shi ne duk abin da Nwibe ya faɗa gaskiya ne. An ɗauke masa zane, kuma mahaukaci ne ya ɗauka. Da za a auna jikinsa a wannan lokaci, abin da za a samu shi ne bugun zuciya da tafasar jinin mai bin ɓarawo, babu bambanci da na kowane magidanci da aka yi wa sata. Abin da ya mayar da gudunsa hauka abubuwa ne uku da ke wajen fatarsa, wato rashin zane, da idon jama'a, da imanin da suka yi game da kasuwa. Bugu da ƙari, marubucin ya dasa wani baƙin barkwanci tun da safiyar ranar, inda Nwibe da bakinsa ya jefi ɗaya daga cikin matansa da kalmar hauka saboda rigimar cikin gida. Kafin rana ta faɗi kalmar ta dawo kansa, kuma shi ba ta sake shi ba.

Shirun da Nwibe ya shiga bayan "warkewa" shi ne wurin da labarin ya fi zurfi. Mutumin da ba shi da ciwo an yi masa magani, ga shi yanzu ya fito da alamun ciwo. Masanin falsafa Ian Hacking ya yi bayanin irin wannan a 1995. Ƙwayar tunjere ba ta san sunan da aka raɗa mata ba, sunan kuma ba ya sauya ta. Ɗan Adam kuwa yana jin sunan da aka kira shi da shi, yana ganin yadda aka daina ba shi hannu, sai halinsa ya sauya, sauyin kuma ya zame wa mutane hujjar cewa da ma sun faɗa. Babu shakka wannan shiru yana da mazauni a ƙwaƙwalwar Nwibe, amma wanda ke son sanin daga ina ya zo, kasuwa zai nufa.

Da yawa daga masu nazari sukan tsaya a nan su ce Achebe ya tabbatar da maganar Szasz, hauka laƙabi ne kawai. Wannan karatu rabi ne. Mutum biyu ne a labarin, kuma na farkon ba laƙabi ne ya sa shi hira da titi ba. Ba ya rarrabe fuskar wanda ya doke shi jiya da ta baƙon da bai taɓa gani ba. Ko an ɗaura masa zane goma, wannan ruɗani yana nan. Wato ke nan labarin ya ajiye mana hauka iri biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya taso daga ciki, ɗaya an ɗora shi daga waje, kuma kasuwa ta kasa bambance su.

A nan ne kuma raunin labarin yake. Achebe ya shigar da mu cikin kan marar sunan da gwaninta a shafukan farko, amma da zarar ya gama aikin ɗauke zane sai ya saki shi ya ɓace cikin taro. Ba mu san uwarsa ba, ba mu san garinsu ba, ba mu san ranar da abin ya fara ba. Tausayin mai karatu gaba ɗaya ya tafi ga mai dukiya da ya rasa sarauta, shi kuwa wanda ya rasa komai ya zama makamin gina jigo. Marubucin ya yi wa mahaukacin kusan abin da kasuwa ta yi masa.

4.0 Ezeulu: Sanadi Uku a Kai Ɗaya

A Arrow of God lamarin ya fi sarƙaƙiya, domin a nan babu kuskuren ido. Ezeulu, babban limamin gunkin Ulu na ƙauyuka shida na Umuaro, hankalinsa ya gushe da gaske a ƙarshen littafin. Abin sha'awa shi ne marubucin ya shimfiɗa hanyoyi uku da kowace za ta iya kai mai karatu ga wannan ƙarshe.

Hanya ta farko ita ce gado. Mahaifiyar Ezeulu ta yi fama da hauka, kuma yana yaro ya rayu cikin fargabar tsayuwar wata, lokacin da akan sanya ƙafafunta a turu. Ga shi kuma ya girma aikinsa shi ne duban jinjirin wata. Likitan zamani da ya ji wannan zai rubuta shi a sahun farko. Amma a lura da bakin da maganar gado ta fi fitowa. Nwaka ne, babban abokin hamayyarsa, wanda da ya ji Ezeulu ya ƙi sarautar da Turawa suka ba shi sai ya ce ai haukan uwarsa ne ya motsa. Ƙin karɓar sandar Bature mataki ne mai ma'ana, amma da kalma ɗaya aka mayar da shi alamar ciwo don kada a saurari hujjarsa.

Tarihi ya nuna wannan dabara ba ƙage ba ce. A 1851 wani likita a kudancin Amurka, Samuel Cartwright, ya ƙirƙiro cutar da ya ce ita ke sa bayi gudu daga iyayengijinsu. A farkon shekarun 1950 J. C. Carothers, wanda ya shugabanci asibitin mahaukata na Mathari a Nairobi, ya kwatanta tunanin ɗan Afirka da na Baturen da aka yi wa tiyata a gaban ƙwaƙwalwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafinsa a 1953. Irin wannan tunani ne Tsitsi Dangarembga ta fallasa a Nervous Conditions na 1988, inda likita Bature ya ƙi yarda cewa Nyasha na da ciwon da ke hana ta cin abinci, don a ganinsa baƙar fata ba ya irin wannan ciwo. Bayani da sunan jiki yakan zo da rigar kimiyya, amma rigar ba ta hana a yi siyasa da shi.

Hanya ta biyu ita ce abin da ya auku. Turawan mulki sun tsare Ezeulu a Okperi kwana 32. Wata ya tsaya yana tsare, bai ci doyar ibada da yakan ci kowane wata ba, lissafin shekara ya rikice. Da ya dawo ya ƙi shelanta bikin sabuwar doya sai ya cinye sauran, amfanin gona ya shiga lalacewa a ƙasa, yunwa ta kunno kai, jama'a suka juya masa baya, coci ta buɗe ƙofa ga duk mai son ya girbe gonarsa ba tare da tsoron Ulu ba. Ana cikin haka ɗansa Obika, wanda ya fi alfahari da shi, ya faɗi ya mutu bayan ya yi gudun al'ada na dare da zazzaɓi a jikinsa. Wannan ita ce fahimtar ma'ana da Jaspers ya ambata. Mutum ya sadaukar da komai don biyayya ga abin bautarsa, sai abin bautar ya sāka masa da gawar ɗansa. Ko mai karatu bai san komai game da mahaifiyar ba, zai gane dalilin da kan dattijon ya tsage.

Hanya ta uku ita ce ta gaibu. Ezeulu yana ɗaukar kansa kibiya ce kawai a bakan Ulu. Mutanen Umuaro kuma suka fassara ƙarshensa da cewa gunkin ya goyi bayan al'umma a kan limamin da ya yi girman kai. Mai ba da labari bai zaɓi ɗaya ba. Ya jero yiwuwar dalilai da kalmar "wataƙila", har ya nuna cewa haukan ya zame wa dattijon rahama, tun da ya hana shi ganin rushewar abin da ya rayu dominsa.

Wani zai ce wannan gudun hukunci ne. A ganina shi ne ƙarfin littafin. Cire gado, sai a tambaya me ya sa sauran iyayen da suka binne 'ya'yansu ba su zautu ba. Cire Okperi da Obika, sai a tambaya me ya sa gadon ya yi barci har tsufa bai farka ba sai a wannan mako. Cire Ulu, sai mutuwar Obika ta zama rashi kawai, ta daina zama cin amana, alhali cin amanar ne ya karya shi. Kowane sanadi yana bukatar 'yan'uwansa kafin ya yi aiki. Abin da Engel ya rubuta a matsayin ƙa'ida a 1977, Achebe ya riga ya nuna shi a jikin mutum ɗaya shekara 13 kafin nan.

5.0 Abin da Ya Shafi Marubucin Hausa

Harshenmu da kansa bai tsaya a bayani ɗaya ba. Mukan ce "ƙwaƙwalwarsa ta juye", mu nuna jiki. Mukan ce "ya taɓu" ko "iska ta buge shi", mu nuna wani abu daga waje. Mukan ce "baƙin ciki ya zautar da ita", mu nuna rayuwa. Idan an zo binciken aure kuma mukan tambaya ko akwai abin a dangi, mu koma ga gado. Malaman Musulunci na farko ma sun san wannan rabe-rabe. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya bambance baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, ya danganta na biyun ga jiki, ya ce kowanne da irin maganinsa. A ƙasar nan kuma, a 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda marar lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da ɗan'uwansa, yana karɓar maganin asibiti, ana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Lambo bai jira masana falsafa sun gama gardama ba, ya ba ƙwaƙwalwa haƙƙinta, ya ba zumunci nasa.

Maganar ba ta tsaya a aji ba. A 2019 'yan sanda sun buɗe wasu gidajen mari a Kaduna da Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Wanda ya yarda cewa abin iska ne kawai zai iya barin ɗan'uwansa a turu alhali akwai ƙwayar da za ta sauƙaƙa masa. Wanda kuma ya yarda cewa lalacewar ƙwaƙwalwa ce kawai, nazarin da aka tattara a 2013 ya nuna yakan rage zargin marar lafiya, amma yakan ƙara yanke ƙauna daga warkewarsa. Wannan shi ne ainihin abin da masu sarautar ozo suka yi wa Nwibe. Ba su zarge shi ba, ba su kuma sake yarda da shi ba.

6.0 Kammalawa

An ga yadda "The Madman" ya nuna cewa al'umma na iya ƙera mahaukaci daga lafiyayyen mutum, ba tare da ya musanta cewa akwai ciwo na gaske ba, ko da yake ya yi sakaci da mai ciwon. An kuma ga yadda Arrow of God ya ɗaure gado da tarihi da imani a igiya ɗaya har ba a iya zare ɗaya a bar saura. Ayyukan biyu ba su ƙaryata likita ba, domin babu hankalin da ke gushewa ba tare da wani abu ya motsa a ƙwaƙwalwa ba. Abin da suka ƙi yarda da shi shi ne a ce labarin ya ƙare a nan.

Saboda haka ga ɗalibin da ke shirin sanya mahaukaci a labarinsa na baɗi, shawarata ita ce ya fara da raɗa masa suna. Ya san wace ce ta haife shi, wace sana'a yake yi kafin abin ya same shi, wa ke kai masa tuwo da dare, kuma wa ya fara kiransa da wannan kalma. Idan ya amsa waɗannan tambayoyi zai tarar dariyar da ya yi niyyar bayarwa ta ƙi fitowa, kuma a daidai nan ne labarin zai fara.